Bangon Gidan Zarmaƙu

Wannan abin al'ajabi a Funtuwa ya faru, kuma ba a zamanin da ba, a wannan zamani namu na waya da kwamfuta.

Akwai wani gem, wato wasan kwamfuta, na tseren motoci da samari ke kira Guguwa. Duk wanda ya taɓa buga shi ya san hanyoyinsa, ta bakin teku, ta cikin duwatsu, ta tsakiyar birni. Abin da ba su sani ba shi ne, can ƙarƙashin waɗannan hanyoyi akwai wani gari sukutum, da kasuwarsa da gadarsa da gidajensa. Masu ƙera gem ɗin ne suka fara gina shi, suka fasa, suka kulle shi cikin fayiloli, suka manta da shi.

Wanda ya tono garin sunansa Nafi'u. Shi da abokinsa Hambali suna da shagon gem a bayan tasha. Hambali ne ke kula da masu zuwa wasa, shi kuwa Nafi'u aikinsa tono. Zai buɗe cikin gem kamar yadda mahauci ke feɗe rago, ya zaƙulo motocin da ba a saki ba da kiɗan da aka yanke, ya ɗauki bidiyo ya sa a intanet. Da wannan ya tara mabiya masu yawa, har daga Kano da Maraɗi ana kiran sunansa.

Ranar da ya fasa makullin garin, bai tsaya wata-wata ba. Ya kunna ɗaukar bidiyo, ya shiga da mota yana zagayawa. Gidaje wasu babu rufi, wasu babu baya. Ya lura da wani dogon bango a gefen kasuwa wanda ba a sa masa ƙarfi ba, hoto ne kawai, mota za ta iya ratsa shi. A gindin bangon kuwa wani tsoho ne zaune kusa da wata tsohuwar mota, rabin fuskarsa an gama, ɗaya rabin kuma fili ne kamar bayan ƙwarya.

Nafi'u ya matso da kyamara daf da fuskar, ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Jama'a, ku ga wannan. An fara shi, sai aka kira mai zanen cin abinci."

Daga nan ya koya wa mabiyansa yadda kowa zai buɗe garin a na'urarsa, ya saki bidiyon.

Hambali da ke tsaye a bayansa ya ce, "Ni dai dariyar nan ba ta yi mini daɗi ba. Kamar na ga tsohon ya sunkuyar da kai."

"Hoto ne, Hambali. Hoto ba ya jin magana."

Bidiyon ya bazu. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, shago cike da samari, Nafi'u ya zauna gaban babban allo ya kama sitiyarin wasa, zai sake shiga garin kai tsaye mabiya suna kallo. Yana taka totur sai ya ji ƙamshin hayaƙin itace yana fitowa daga cikin na'urar. Kujerar ta girgiza. Hayaniyar shago ta yi nisa kamar an nutsa kansa cikin randa, sai ga shi zaune cikin mota ta gaske, kan wata jar hanya, rana na dukan gilashi.

Ya taka birki, motar ta ƙi tsayawa. Ya murɗa ƙofa, ashe zanen ƙofa ne. Bai da abin yi sai riƙe sitiyari.

Hanyar ta fara kai shi cikin wani kurmi wanda itatuwansa shafal suke kamar takarda, kuma duk inda ya bi sai su juyo suna fuskantarsa. Cikin rassansu muryoyi ne babu jiki, irin waɗanda aka naɗa don gem aka ƙi amfani da su. Wata tana ta faɗin, "Kwana na gaba, rage gudu." Wata tana kirarin nasara ga wanda bai zo ba. Suka yanyame motar kamar ƙudan zuma, kowace na neman shiga kunnensa. Wata siririyar murya ta samu shiga, ta ce masa, "Ya kai ɗan Adam, tun da aka yi ni ba wanda ya taɓa sauraro na. Ka saurare ni sau ɗaya in cece ka. Idan ka isa gada, kada ka yi gudu."

Ya fita kurmin sai ga gadar, ta miƙe bisa wani rami da ba a yi masa ƙasa ba, fari fat, ido ba ya kai ƙarshensa. Gadar kuwa a tsakiya ta ƙare. Yana kallo wasu motoci biyu suka wuce shi a guje, motocin masu wasa ne da suka bi koyarwarsa, suka zarce bakin gadar suka yi ta faɗawa har suka zama kamar tururuwa. Nafi'u ya ɗage ƙafa daga totur. Sai wani dogon magini mai hannuwa huɗu ya ɓullo daga ƙarƙashin gadar da kwandon duwatsu a ka, yana jera dutse ɗaya ɗaya a gaban tayoyi. Haka suka haye, motar na rarrafe, gumi na zuba daga haɓar Nafi'u.

Da suka kai gaci ya ce, "Na gode, bawan Allah."

Maginin ya dube shi ya ce, "Ba don kai na yi ba. Magajiya ce ta ce a kawo mata kai da ranka."

Ya shiga garin ta ƙofar gabas. A allo ya san shi kango, amma yanzu ga hayaƙin girki, ga awaki, ga shanyar barkono. Sai dai kowa ya rufe fuskarsa da tsumma. Ga kuma motocin baƙi suna ta keta lunguna, suna bi ta kan shanya, suna kifar da tukwane, masu su can a gidajensu suna nishaɗi. Daga sama wasu ƙananan duwatsu ke zubowa kamar ƙanƙara, kowanne in ya faɗi sai ya fashe da dariya. Ɗaya ya faɗo kan gilashinsa ya fashe, ya ji muryar wani saurayi tana cewa, "An kira mai zanen cin abinci." Maganarsa ce mutane ke maimaitawa a ƙarƙashin bidiyon.

Motar ta tsaya da kanta a ƙofar wata rumfa, zanen ƙofar motar nan ya buɗe. A ciki wata dattijuwa ce zaune kan turmi, tsayinta a zaune ya kai na mutum a tsaye, gashinta fari ya sauko har ƙasa an naɗe shi kamar igiya. A gefenta ga tsohon nan mai rabin fuska. Shi kaɗai ne bai rufe tasa ba.

Dattijuwar ta ce, "Ni ce Turmuza, Magajiyar wannan gari. Wannan ƙanena ne, Zarmaƙu. Ina jin kun saba."

Nafi'u ya durƙusa, idonsa a ƙasa. "Ranki ya daɗe, ban san da mutane a nan ba."

"Mu ba mutane ba ne, aljanu ne. Tun fil azal mazauninmu shi ne abin da ɗan Adam ya bari, kufai da tsohuwar rijiya da kangon gida. Kuka cinye daji, kuka rushe kangaye kuka yi shaguna, muka rasa wurin sa haƙarƙari. Sai muka samu wannan gari, an gina an watsar, an kulle. Muka shiga, muka ari jikunan da aka bari a ciki, duk yadda muka same su. Ba mu taɓa ɗayanku ba. Me muka yi maka?"

"Ba ku yi mini komai ba."

"Da ka tarar da mu, da ka ja ƙofa ka tafi, da ba mu da magana da kai. Amma ka kira duniya ta zo kallo."

Zarmaƙu ya yi magana da rabin bakinsa a hankali, ya ce, "Ban ji haushin dariyarka ba, ɗan Adam. Fuskar aro ce. Amma jikokina sun ji, tun ranar ba sa iya haɗa ido da ni."

Da ƙasa za ta tsage da Nafi'u ya shige.

Magajiya ta ce, "Ƙofar da ka buɗe ba ta rufuwa sai da hannunka, kuma daga ciki. Aiki ne mai tsawo. Ka zauna tare da mu har damina ta zagayo, kana toshe ta, mu ciyar da kai, mu mayar da kai gida lafiya. Wannan ita ce hanya ta farko."

Nafi'u ya tuna matarsa Lawiza, ya tuna shago. Ya kuma tuna mabiyansa, cewa in ya ɓace shekara guda wani zai gaje wurinsa, kuma wannan tunanin ne ya fi tsaya masa a rai. Ya ce, "Ranki ya daɗe, akwai ta biyu?"

Ta ce, "Akwai. Garin nan don tsere aka yi shi, dokarsa tana kanmu duka. Ka yi tsere da Zarmaƙu, daga ƙofar gabas, ku zaga kasuwa, zuwa ƙofar yamma. In ya riga ka, ka zauna ka yi aikin. In ka riga shi, ka tafi abinka, mu kuma mu kwashe kayanmu."

Nafi'u ya saci kallon tsohuwar motar Zarmaƙu a waje, duk tsatsa, fitila ɗaya. Ya ce, "Na zaɓi tsere."

Aka jera motoci a ƙofar gabas. Mutanen gari suka hau katanga, fuskoki a rufe. Magini mai hannuwa huɗu ya ɗaga dutse ya sake shi, yana taɓa ƙasa suka tashi.

Nafi'u ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa, ya sha kwana ta farko yana gaba. Amma a kwana ta biyu sai ya ga fitila ɗaya a madubi, kafin ya ƙifta ido tsohon ya wuce shi kamar an harba kibiya. Motar tsatsa ba ta ko taɓa ƙasa a kan gangara. Suka ratsa lungun maƙera, wuta na tartsatsi daga bango. Suka bi ta ƙarƙashin wata hasumiya da ke rataye a sama babu tushe. Wata motar baƙi ta faɗo tsakaninsu, Zarmaƙu ya kauce mata ya kuma kauce wa wata akuya, duk da haka yana gaba. Da suka iso bakin kasuwa tazarar ta yi yawa, Nafi'u ya san ya faɗi.

Sai ya hango dogon bangon nan.

Hanya ta zagaya kasuwa ne, amma wanda ya ratsa bangon zai ɓulla daf da ƙofar yamma. Ya ga hayaƙi yana tashi daga bayansa. Ya ga takalma jere a gindinsa. Ya san abin da takalma a ƙofa ke nufi. Duk da haka ya murɗa sitiyari ya take totur har ƙasa.

Motar ta ratsa bangon, bangon ya yage kamar tsohon zane ya zube gaba ɗaya. Ciki tsakar gida ne. Wata mace ce zaune a bayan ɗaki tana wankan jego, tsofaffin mata na tsoma ganye cikin tafasasshen ruwa, wata na riƙe da jariri. Tayarsa ta bugi tukunyar, ruwan zafi ya watsu. Matan suka kwanta kan maijegon suna rufe ta da jikinsu. Ya ji kukan jaririn ya tashi sama da ƙarar inji. Kafin ya fice ta ɗaya ɓangaren, idon matar ya haɗu da nasa, kuma ba tsoro ya gani a ciki ba, kallon wanda ya gane ka ne.

Ya ƙetare ƙofar yamma shi kaɗai. Ba wanda ya yi guɗa. Duwatsun dariya ne kawai suka ɓarke daga sama kamar ruwan Agusta, suna ta yabonsa.

Can sai ga Zarmaƙu a ƙafa. Tun da ya ga bangon ya faɗi ya bar motarsa a kan hanya, ya tuɓe rigarsa ya kai aka rufe maijegon, don 'yarsa ce. Ya iso ba riga, ƙashin haƙarƙarinsa a waje, wani gefen jikin ma ba a zana shi ba. Magajiya na biye da shi.

Ta ce, "Ka riga shi."

Nafi'u ya ce, "Ranki ya daɗe, ba ta hanya na bi ba. Kada a ƙirga mini."

"Doka cewa ta yi wanda ya fara ƙetare ƙofa. Ba ta ambaci kunya ba, don wanda ya kafa ta bai zaci za a buƙata ba. Mu ba ma saɓa alkawari. Tafi."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga shi kan kujerarsa a shago, hannu kan sitiyarin roba. Samari na ta tafi suna bubbuga kafaɗarsa. Duk abin da ya faru a tseren sun kalla a allo, haka ma mabiyansa. Wani na cewa a maimaita wurin bangon. Hambali kaɗai ke tsaye can baya, hannuwa a harɗe.

Da shago ya watse Nafi'u ya ce, "Hambali, ba ka san abin da ya faru ba."

Hambali ya ce, "Na ga takalman. Kai ma ka gan su, don na ga ka ɗan sassauta kafin ka taka."

Ya ɗauki tsintsiya ya kama shara.

Nafi'u ya goge bidiyoyin duka, amma an riga an kwafa, sun bazu a wayoyi. A gida Lawiza ta kawo tuwo ya kasa ci. Ta ce, "Maigida, lafiya? An ce yau ka burge duniya." Ya ce kansa ke ciwo, ya juya fuska bango. Ya daina fita sallar jam'i a masallacin unguwa saboda samarin da ke tare shi suna jinjina. Kullum da safe zai zauna gaban allo ya shiga garin, ya ga kango kawai da motocin baƙi, su ma suna ta raguwa don abin ya daina ba su sha'awa.

Wata safiya ya sake jin ƙamshin hayaƙi, ɗan kaɗan. Kujera ta girgiza, ya tsinci kansa tsaye a tsakar gidan nan. Murhu ya huce, ɗakuna wayam. Zarmaƙu ne kaɗai, yana ƙoƙarin ɗaga wani turmi.

Nafi'u ya durƙusa. "Baba."

Tsohon bai yi mamaki ba. Ya ce, "Turmin 'yata ne, an manta shi cikin gaggawa. Ta ce ba ta iya daka da wani."

"Baba, na zo in zauna. Shekara, ko fiye. Zan toshe ƙofar."

"Ka toshe wa wa? Kowa ya tafi."

Nafi'u ya ce, "Jaririn fa?"

"Yana raye. Ruwan ya ƙona shi a ƙafa, tana warkewa. In ya ji abin da ya yi kama da ƙarar inji ba ya barci."

"Ka yafe mini."

"Tawa na yafe tun a rumfa. Ta uwarsa ba a hannuna take ba, kuma ba zan kai ka wurinta ba."

Nafi'u ya miƙe ya ɗauki turmin ya aza a ka. Nauyinsa kamar zai karya masa wuya, amma bai sauke ba, tsohon kuma bai hana shi ba. Suka bi ta kasuwar da ba kowa, suka fita ƙofar yamma, suka yi ta tafiya cikin wani fili inda ciyawa ke raguwa, launi ke dusashewa, har suka kai inda ƙasar ta ƙare. Nan Zarmaƙu ya karɓi turmin.

Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, a nan akwai wata ƙofa, ita ce hanyar sabon mazauninmu. Juya mini baya. Ba ƙiyayya ba ce. Mun dai san idonka."

Nafi'u ya juya. Ya ji motsi a bayansa, ya ji wani abu ya buɗe, iska mai sanyi ta bugi ƙeyarsa ɗauke da ƙamshin girki da muryoyin yara. Wuyansa har ƙaiƙayi yake. Duk rayuwarsa bai taɓa sanin akwai ɓoyayyen abu a kusa ya ƙyale shi ba. Ya runtse idanu, ya dafe su da tafin hannu, ya tsaya haka har muryoyin suka ɗauke, har iskar ta tsaya, ya kuma ci gaba da tsayuwa bayan nan.

Da ya sauke hannunsa, a shago yake. Hambali na gefensa da kofin shayi, ya ga komai a allo, sai dai a ƙarshe allon ma bayan Nafi'u kawai ya nuna.

Hambali ya ce, "Ina suka koma?"

Nafi'u ya ce, "Ban duba ba."

Hambali ya tura masa kofin shayin.

Iyakar abin da aka sani ke nan, sauran yana wurin masu shi.